Wayar Baban Jannatu

Talata, da hantsi

Da sunan Allah. Ban taɓa irin wannan rubutun ba, kuma ba don wani ya karanta nake yi ba. Rasa inda zan sa hannuna na yi. In na zauna shiru, mata masu zuwa jaje su zuba mini ido. In na miƙe zan taɓa wani aiki, Gwaggo 'Yar'azumi, ƙanwar mahaifin maigidana, ta ce zauna Shamsiyya, zauna. To na zauna. Ga wayar Baban Jannatu a cinyata, sai na buɗe wurin da yake rubuta odar kifi na fara dannawa.

Ranar Asabar ya tafi wajen Guri ya kwaso bandar da ya saya kafin ruwa ya raba hanya. Da zai fita ya ajiye mini babbar wayarsa a bakin gado, ya ɗauki tawa 'yar rakani-kashi, ya ce tasa ba ta shiri da ruwa. A hanyar dawowa jirginsu ya kife a wani mashigi da ciyawar kacalla ta cushe. Sauran mutanen da ke ciki duk sun fito. Iya abin da zan rubuta a kan wannan ke nan.

Talata, bayan la'asar

Wayar nan sama gilashi ne na shafawa, ƙasa kuma madannai ne ƙanana a jere kamar ƙwayar masara. Ta hannu ya sayo ta a Kano. Ranar da ya kawo ta na yi dariya har na riƙe ciki. Na ce wannan ai jemage ka sayo, ba ta cikin tsuntsaye ba ta cikin dabbobi. Samari na ta yayin mai gilashi tun daga sama har ƙasa, tsofaffi na riƙe da mai botin, kai ka tsaya a tsakiya.

Ya ce, "Ke dai ba ki san hannun mai kifi ba. Daga maiƙo sai ƙaya sai ruwa. Gilashi ba ya jin maganar irin hannuna, botin kuwa ko da laka ka danna shi sai ya amsa."

Da gaskiyarsa. Na sha ganinsa yana ciniki da baki, idonsa na kan kwando, manyan yatsunsa biyu na rubuta wa 'yan Anacha saƙo a ƙasa ba tare da ya duba ba. Ni kuwa yanzu kamar kaza mai tsintar tsaba nake, harafi ɗaya sai na sunkuya na nemo shi. Wasu haruffan ma sun goge saboda yawan dannawarsa, sai dai na yi canke.

Laraba, da safe

Na kira layina. A kashe.

Alhamis, kafin azahar

Ina wanke kayan Jannatu wayar ta yi ƙara. Ban san sanda na tsallake bokiti ba. Na shafa, ta ƙi. Na sake shafawa, ta ƙi, hannuna duk kumfa. Ita ba ta da botin na ɗaga kira, sai an ja koren nan da ke kan gilashi. Sai da na goge hannu da zani sosai sannan ta yarda.

Wata mata ce daga Anacha, tana tambayar kayanta da Hausarta 'yar guntuwa. Na ce oga ya yi tafiya. Ta ce yaushe zai dawo. Na ce ya kusa. Da na ajiye sai na ga matan da ke zaune a tabarma duk sun sunkuyar da kai, wata na gyara ɗankwalin da ba abin da ya same shi.

Haushinsu na ji. Ban yi ƙarya ba, tafiya ya yi.

Juma'a, bayan an sauko

Yaya Shu'ibu, wan maigidan, ya dawo daga wajen nema. Ƙafafunsa sun yi fari fat saboda ruwa, kacalla ta yanyanka masa hannu. Ya tsaya a bakin ƙofa bai shigo ba.

"Amarya, ya haƙuri?" Har yau Amarya yake ce mini, ga 'ya tana gudu da ƙafarta.

Na ce, "Da godiya, Yaya. Ina aka tsaya?"

"Masunta sun yi iya yinsu. Ciyawar nan ta fi mutum tsawo, jirgi ba ya ratsa ta. Ruwan kuma ƙaruwa yake. Amma ba a cire rai ba, Badaru ya iya ruwa tun muna yara."

Ya faɗi ba a cire rai ba yana kallon ƙasa. Na san Yaya Shu'ibu, in zai faɗi abin da ya yarda da shi ido cikin ido yake faɗa, har ya ɗaga yatsa.

Asabar, da rana

Ba wuta tun shekaranjiya. Abin da zan yaba wa jemagen nan, tana da riƙon caji. Amma yau ta yi ja, dole na ba da ita aka kai shagon mai caji a bakin titi. Tunda aka fita da ita na kasa zama. Na share tsakar gida, na sake sharewa. In a wannan tsakanin ya kira fa? Da aka dawo da ita na duba, ba wanda ya kira sai kamfanin layi da tallarsu.

Lahadi, da hantsi

Jannatu ta ce a nuna mata Baba. Na buɗe wurin hotuna. Kifi. Tarwaɗa a kwando, karfasa a tabarma, ragon ruwa an dunƙule shi an soke da tsinke, kwali a bayan mota, kifi, kifi, kifi. Na yi ta ja har yatsana ya gaji. Mutumin nan bai taɓa juya wayar ya ɗauki fuskarsa ba. Inda ya fi fitowa shi ne wani hoto da ƙafarsa ta shigo daga gefe, da silifas ɗinsa shuɗi.

Daga ƙarshe na samo ɗaya na sallar bara, wani ne ya ɗauke mu. To gilashin wayar guntu ne, madannai sun cinye rabin wurin, fuskarsa ba ta fi ƙwayar gyaɗa ba. In na buɗa shi da yatsu sai ya dushe. Jannatu ta kalla ta kalla ta ce wannan ba Baba ba ne, ta koma danna botina tana jin daɗin ƙararsu. Na ƙwace da ƙarfin da bai kamata ba. Ta yi kuka, ni ma na shiga ɗaki.

Litinin, bayan azahar

A kashe.

Talata, da yamma

Na lura bakin mutane ya soma canjawa. Da farko kowa Allah ya bayyana shi yake cewa. Yanzu sai su ce Allah ya sa mu ji alheri. Yau wata tsohuwa daga unguwar su Gwaggo ta shigo, ta zauna, ta buɗe baki ta ce Allah ya jiƙan... sai Gwaggo ta yi gyaran murya, ita kuma ta mai da shi tari.

Da suka tafi na ɗauko kwalli na zizara, na shafa man leɓe, na ɗaura atamfar da ya fi so. Mai takaba ce ba ta ado, ni kuwa ba takaba nake ba. Gwaggo ta dube ni ta ce, "Ya yi miki kyau, 'yar nan." Da faɗa ta yi mini da ya fi mini sauƙi.

Laraba, da safe

Na gano ina iya rubutu ba tare da na duba ba. Yatsuna sun soma sanin hanya. Amfaninsa shi ne ko idona ya cika ba na tsayawa. Illarsa kuma, in ɗigo ɗaya ya faɗa kan gilashin sai ya haukace, ya buɗe wannan ya rufe wancan, ɗazu har ya kusa kiran wani direba. Don haka nake ɗan karkata ta gefe in zan rubuta.

Baban Jannatu yana da wata dabara da ya yi wa wayar. In ka danne harafi ɗaya ka riƙe, wurin rubutun nan ya buɗe da kansa. In ka danne wani, wurin tura saƙo ya fito. Da nakan ce masa son gwaninta ne kawai.

Alhamis, bayan la'asar

Yaya Shu'ibu ya je wajen liman a kan ko za a yi wa ƙaninsa sallar gawa daga nesa. Ban san da zancen ba sai da Gwaggo ta yi suɓul da baka. Liman ya ce kada a yi gaggawa, ba a yi wa mutum salla a kan zato. Allah ya saka wa liman.

Na aika a kira mini Yaya. Na ce, "Yaya, ashe har an kai nan?"

Ya ce, "Amarya, tambaya na yi. Mutane na damuna a masallaci, ban san me zan ce musu ba. Gaisuwa zan karɓa ko jaje?"

Na ce, "Ka ce musu ƙaninka bai dawo ba tukuna."

Ya ce to. Na san shi ma uwa ɗaya uba ɗaya suke, na san ciwon ba nawa ne ni kaɗai ba. Amma yau ba ni da wurin tausayin kowa.

Juma'a, da hantsi

Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Ruwa ya matso Haɗeja. Maza duk sun tafi jinga da buhunan ƙasa don tare ruwan, har masu shago sun rufe. An bar nema, kowa ya koma tare gidansa. Ban ga laifinsu ba, amma na ji zafin abin.

A kashe.

Asabar, da rana

Ruwan ya ɓullo ta kwatar bayan gida. Ba da gudu ya zo ba, a hankali yake shigowa kamar baƙon da ya san gidan. Gwaggo ta ce mu tattara mu koma wajenta, gidanta a kan tudu yake. Na ce in ya dawo ya tarar da ƙofa a rufe fa? Ta ce, "Yo shi bai san hanyar gidana ba ne? A can aka yaye shi."

Za mu tafi in an samo amalanke.

Talata, bayan azahar

Wayar nan, rabinta ne ya dawo.

Bari na faɗa a tsanake. Ranar da muka tashi, ruwa ya kai gwiwa a lungunmu. Na goya Jannatu, na ɗora ƙullin kaya a ka, na soke wayar a ƙugu. Ga ta da nauyi, ga ta da kauri. Ina taka wani rami na yi tangal-tangal, sai na ji ta zame. Na tsuguna da goyo da kaya ina lalube cikin ruwan nan mai datti har na kamo ta. Da na ɗago ta ruwa na tsiyaya ta tsakanin madannan, kowane botin da 'yar kafarsa, duk sun sha. Ta yi fari, ta yi baƙi, ta mutu.

Da muka isa na ajiye ta a kan taga na kwanta, zazzaɓi ya rufe ni. Gwaggo sana'arta banda, murhunta ba ya mutuwa ko da damina. A wajenta duk abin da ya jiƙe maganinsa hayaƙi ne, kifi ne, tabarma ce, takalmi ne. Ta ga halin da nake ciki, ta ɗauki wayar ta ɗora a gefen ragar banda tare da tarwaɗa, tana juya ta kamar yadda take juya su. Kwana ta yi a can.

Da na tashi ta kawo mini ita a cikin gefen zaninta, da ɗuminta, tana murmushi. "Ungo, 'yar nan, ta bushe ƙarau. A gefe na sa ta, inda wuta ba ta kaiwa sosai."

Na danna ta kawo haske. Wallahi har na rungume Gwaggo. Sai da na zo shafawa na ga gilashin ya ɗan ɗago ta kusurwa ɗaya, ya yi wani rawaya-rawaya. Yana nuna komai, amma ba ya jin hannu ko kaɗan. Garin neman gira an rasa ido.

Madannai na aiki, da su na buɗe ta, da dabararsa ta danne harafi na shigo nan. Abin da nake yi wa dariya shi ya rage mini. Duk ta game da warin banda, irin warin rigunansa.

Laraba, da safe

Ba zan iya kiran layina ba yau, wurin kiran a kan gilashi yake. Bilkisu maƙwabciyar Gwaggo ta ce in ruwan hanyar kasuwa ya ja, jibi za ta kai mini ita wajen masu gyara. Ta ce amma kada na sa rai, irin wannan wayar ba a samun kayanta a nan, sai an aika Kano, can ma sai an dace.

Dama an kwana biyu ba mai kiran layinsa. 'Yan Anacha sun ji labari sun daina.

Laraba, bayan azahar

An kira.

Laraba, gab da magariba

Bari na rubuta yadda aka yi.

Na idar da salla ke nan ina naɗe darduma ta yi ƙara. Lamba ce ba suna. Na ja koren, bai motsa ba. Na goge yatsa na sake ja. Na tofa yawu na goge gilashin da mayafi. Na danna kowane botin da ke jikinta, babba da ƙarami, haruffa na ta fitowa a banza, ita kuwa tana ta kuka a hannuna. Ta katse. Ta sake kamawa. Gwaggo ta taso daga wajen murhu tana cewa ɗaga mana, ɗaga mana. Na ce ba ta ɗaguwa, Gwaggo. Ta tsaya da itace a hannu.

Sai a lokacin na tuna ba ta da botin na ɗagawa. Na sani tun ranar wanki. Jiya da na ga gilashin ya mutu, rubutu kawai na tuna.

Da ta yi shiru na danne harafin saƙo, na kwafi lambar, na rubuta: ni ce matar mai wayar nan, ba ta ɗaga kira, don Allah ku rubuto ko wane ne. Ya tafi. Na tsaya ina kallo, ba amsa.

Gwaggo ba ta da waya. Yaya Shu'ibu na jinga. Na fita ba mayafin kirki zuwa gidan Bilkisu, aka ce ta tafi niƙa. Na bi ta har injin. Kafin mu kira, lambar ta daina shiga.

Alhamis, da safe

An cire layinsa an sa a wata tsohuwar wayar Bilkisu mai botin zalla. Abin bai ɗauki komai ba, da tsinken ɗankunne ta zaro shi. Ina ma tun shekaranjiya aka yi haka.

Yaya Shu'ibu ya ce ƙila wani mai neman kifi ne, ko an yi kuskuren lamba. Ƙila. Amma mai kuskuren lamba ba ya ta maimaitawa haka. Ban faɗa wa kowa abin da ke raina ba, tsoro nake kada na faɗa ya tashi. Wanda ke hannun ruwa ko takobi aka miƙa masa kamawa yake. Na rubuta wannan karin maganar na so na goge, na bar ta.

Alhamis, bayan la'asar

Ba ta shiga. Bilkisu ta gaji da gwada lambar, ta bar mini wayar gaba ɗaya.

Gwaggo ba ta hura murhu ba yau. Kifin da aka kawo mata yana nan a daro, ƙuda na bi.

Juma'a, da hantsi

Ba ta shiga.

Asabar, da rana

Lambar ta shiga. Namiji ne, da Hausa irin ta mutanen ruga. Na ce ni ce matar Badaru. Ban taɓa kama sunansa a gaban mutane ba sai yau. Mutumin ya ce, baiwar Allah, ba namiji a kusa?

Na miƙa wa Yaya Shu'ibu. Ya fita waje da ita. Ta taga na ga ya dafa bango, sannan ya zauna a ƙasa.

Lahadi

An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Yanzu Yaya Shu'ibu ya san abin da zai karɓa, gaisuwa ce.

Litinin, da yamma

Na wanke kwallin. Gwaggo ce ta ciro mini tufafin da zan zauna takaba da su. Tana ɗaura mini tana cewa, "Ni na kashe wayar nan, Shamsiyya. Ni na kashe ta da hannuna." Na san ya kamata na ce ba ke ba ce, Gwaggo, ƙaddara ce. Na san ita ta goye shi, na san don ni ta yi. Ina jin haushinta, ina jin haushin kaina fiye da nata, ina jin haushin wanda ya zauna ya ƙera waya da botin fiye da talatin bai sa ko ɗaya na amsa kira ba.

Bilkisu ta tambayo masu gyara. Wai ruwan ma kaɗai zai iya kashe gilashin, ba lallai hayaƙin ba ne. Na ce ta je ta faɗa wa Gwaggo haka. Wai kuma da an soka mata abin sauraron nan mai igiya na sawa a kunne, da botin ɗinsa zai ɗaga. Wannan na ce kada ta sake faɗa wa kowa.

Laraba, bayan azahar

Mutumin da muka yi waya da shi ya zo gaisuwa. Sunansa Haris, makiyayi ne, rugarsu na cikin dajin Baturiya. Na roƙi Yaya Shu'ibu ya shigo da shi zaure, na zauna bayan labule.

Haris ya ce washegarin kifewar jirgin suna ƙetarar da shanu suka ga Baban Jannatu maƙale a cikin kacalla, da rai, ƙirjinsa ya bugu. Suka kai shi ruga. A daren ruwa ya zagaye tudun da suke, ba jirgi, ba sabis, su da shanu duk a tsibiri. Suka yi ta ba shi madara da jiƙo. Zazzaɓi ya riƙe shi, yawanci ba ya cikin hankalinsa, ba su san ko shi wane ne ba balle daga ina. Duk kwanakin nan da nake zizara kwalli, yana kwance a bukkar mahaifiyar Haris.

Sai ranar Talata ya farfaɗo sosai, ya faɗi sunansa da garinsa. Laraba suka samu wasu masunta suka yarda su fito da shi asibiti. A tsakiyar ruwa wayar Haris ta kawo sabis. Baban Jannatu ya ce lamba ɗaya ya haddace, tasa, kuma tana hannun iyalinsa.

"Ni na danna masa, baiwar Allah. Na kara masa a kunne, don hannunsa ba ƙarfi."

Ba su kai gaɓa da shi da rai ba. Mutanen ƙauyen da ke bakin ruwan suka yi masa sutura kafin rana ta faɗi, yadda addini ya ce. Haris ya koma wajen shanunsa, caji ya ƙare, sai da ya sake fitowa. Na ce saƙona fa? Ya ce ya ga 'yar ambulan ta fito a wayar tun suna cikin jirgi, amma shi allo ya yi, ba ya karatun boko, masuntan ma haka. Shi kuma mara lafiyar idonsa a rufe yake, bai so ya dame shi ba.

Yaya Shu'ibu ya soma yi masa godiya don a tashi. Na ce, "Malam Haris, da ba a ɗaga ba, ya ce wani abu?"

Ya ce, "Na ce a sake gwadawa, muka sake. Da zan kuma sai ya girgiza kai. Ya ce bar shi haka Haris, war haka tana salla, ita ba ta katse salla don waya. In mun isa gaɓa ma kira."

Alhamis, da safe

Jannatu na wajen Bilkisu. Gwaggo ta hura murhu, na ji hayaƙin. Na kai mata kunu da kaina, ta karɓa.

Yaya Shu'ibu ya ce in ruwa ya ja zai kai ni na ga wurin, bayan na fita takaba. Ya tambaya ko a aika wayar Kano. Na ce a bar ta.

Alhamis, bayan azahar

Ba salla nake ba, Baban Jannatu. Na riga na idar. Ina tsaye, tana hannuna.